Gyaɗar da Inna Ta Ƙi Binnewa

Abubuwa da yawa sun fita daga raina, har fuskokin waɗansu ƙawayena na lakwal, wato makarantar boko, da ƙyar nake tuno su. Amma akwai abu ɗaya da ba zai bar ni ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa: ranar Lahadin da na miƙe a gaban ikilisiya da Littafi Mai Tsarki a hannuna, na karanta wa mahaifiyata hukunci da bakina. An fi shekara goma yanzu, kuma Allah ya sani na yafe. Sai dai yafewa daban, hucewa daban. Ko yanzu da na ɗauki alƙalami ina jin ƙirjina yana zafi kamar jiya aka yi abin.

Garinmu ɗan ƙauye ne a kan jigawa, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Mayahi in an bi hanyar garin Sarkin Hausa. Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, gyaɗa ce kuma ke riƙe da kowa. Gero na ciki ne, gyaɗa kuwa ita ce riga, ita ce gishiri da kananzir, ita ce lanho, wato harajin gwamnati. Saboda haka irin gyaɗa ba abin wasa ba ne. Mace takan hana ɗanta ko ƙwaya ɗaya tun daga kaka har bazara, yana kuka tana kallonsa, don ta san abin da ke cikin buhun nan shi ne baɗi.

Mu masu bin Yesu gida tara ne kacal a garin. Sauran Musulmi ne da Arna, kuma duk dangin juna muke. Majami'armu ɗakin laka ne mai rufin kara, ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin aduwa. Babana yana cikin na farko da suka ba da gaskiya, ya rasu shekara biyu kafin wannan labari, ya bar mu ni da Inna da gona ɗaya. Cikin ƴaƴan da ta haifa ni kaɗai na rayu. Inna ba ta iya karatu ba, addu'arta ba ta wuce kalma goma, in tana waƙa kuma muryarta takan bi tata hanyar dabam da ta jama'a. Ni kuwa na gama lakwal a Tasawa, na dawo gida ina jiran a kira ni aikin koyarwa, shekarata sha bakwai, kaina cike da mafarki. Nakan zauna a inuwa da kayena, wato littafin rubutuna, ina rubuta waƙoƙi a kan gajimare da tsuntsaye. Kuma bari in faɗi gaskiya, a ɓoye ina ganin bangaskiyar Inna ta cika sanyi, ba ta da wuta irin wadda nake karantawa.

A shekarar aka aiko mana da sabon mai bishara, muna ce masa Malam. Matashi ne, shi da matarsa, ya tashi a birni, bai taɓa riƙe sungumi ba. Murya gare shi mai shiga jiki, in yana wa'azi sai ka ji kamar rufin zai buɗe. Ba mugu ba ne, ina so in faɗi haka tun yanzu don kada fushina ya yi masa ƙarya. Abin da ya rasa shi ne sanin cewa akwai abin da bai sani ba.

Ruwa ya yi jinkiri. Lokacin shuka ya zo ya fara wucewa, sama fes kamar an wanke ta. Musulmi suka fita roƙon ruwa, Arna suka yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya. A bakin rijiya mata suka fara tsokanarmu, wata gwaggona ta ce, "Ku ƴan mishan fa? Ko naku Allahn hutun Lahadi ya tahi bai dawo ba?" Aka yi dariya, har da mu, don wasan dangi ne. Amma da maganar ta kai kunnen Malam, shi bai yi dariya ba.

Ranar Lahadi ya ce za mu yi azumi kwana uku, a rana ta huɗu kuma kowane gida ya fita ya yi binnen gyaɗarsa, duka, kada a rage ko ƙwaya, domin gari ya ga cewa mun dogara ga Allah mai rai. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Gero yana jure haka, yakan kwanta cikin rairayi mako biyu ko uku yana jira. Gyaɗa ba ta jurewa. Mai ne a cikinta, zafin rairayi yakan dafa ta, kurege da gara su tone ta, in kuma aka yi ɗan yayyafi ta kumbura sannan ruwa ya ɗauke, sai ta ruɓe. Babu wanda ya girma a garinmu da bai san wannan ba.

Dattijon ikilisiya, wani tsoho abokin babana da muke ce wa Baba, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a gafarce ni, gyaɗa fa ba gero ba ce."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Baba, wanda ya halicci gero, gyaɗar ce bai sani ba? Binnen gero ai kowa na yi, har mai yanka bunsuru. Ina shaidar take a ciki?"

Baba ya buɗe baki ya rufe. Wa zai so a ce shi ne mai ƙaramar bangaskiya a gaban matarsa da ƴaƴansa? Ni kuwa a inda nake zaune tsigar jikina ta tashi. Na ga abin a idona: gonaki tara sun yi kore shar a tsakiyar fari, gari duka ya zo yana kallo. Kafin azumin ya ƙare na rubuta waƙa mai baiti biyar, na koya wa mata.

Ana gobe za a fita, da rana tsaka muna tsakar gida mun gama ɓarar irin, sai na ga Inna ta kasa shi uku. Ta jawo wani tulu, ta fara zuba kashi ɗaya a ciki.

Na ce, "Inna, mi kike yi? Malam ya ce duka."

Ta ce, "Na ji Malam. Miƙo mini tokar can."

Na miƙa mata. Ta barbaɗa tokar don ƙwari, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin tulun. Na ce mata wannan rashin bangaskiya ne, na jawo mata ayoyi biyu ko uku, ina jin kaina kamar wata babbar malama. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke ƴar lakwal, saurara. Ranar da aka kori ubanki daga gidan ubanshi saboda Yesu, abin da ya hito da shi ke nan, irin ga, ƙulle a bakin riga. Shekara ashirin Allah na jiƙa ƙasa, mu muna shukawa. Shi ke farawa, mu ke bi. Ban taɓa riga shi ba. Kashi biyu zan binne tare da ƴan'uwa don kada in ware kaina, wanga kuwa shina nan sai ya jiƙa ƙasa." Ta ɗauki tulun ta saka a ƙasan rumbu.

Abin da na yi bayan haka shi ne wautar da ta fi kowace a rayuwata, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Da la'asar na tafi wurin matar Malam, na riƙe hannunta, idona da hawaye, na ce ta taya ni yi wa Inna addu'a don bangaskiyarta ta yi rauni. Ta tambaye ni me ya faru. Na gaya mata, har da tulun, har da inda yake. Muka durƙusa muka yi addu'a, na dawo gida ina jin na yi aikin Allah.

Washegari muka fita, gida tara, maza na sara da sungumi, mata na zuba iri suna rufewa da ƙafa, muna rera waƙata. Rairayin yana ƙona tafin ƙafa. Mutanen gari suka tsaya a bakin gonaki suna kallo, waɗansu na dariya, tsofaffi kuwa ba su yi dariya ba, kai kawai suke girgizawa kamar masu kallon jana'iza. Kwana uku bayan haka hadari ya haɗu, aka yi yayyafi. Malam ya buga ƙarfen aduwa har hannunsa ya gaji, mata suka yi guɗa, ni na tsaya a fili ina ɗaga fuska sama ina kuka. Inna ta fita bayan gida, ta tura yatsa cikin ƙasa. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu ba. Ta goge yatsan a zane, ta koma ɗaki.

Daga nan sama ta rufe bakinta kusan mako uku. Mutane suka fara tono a ɓoye, kowa a gonarsa. Abin da kurege ya bari ya kumbura ya yi baƙi, wani ya fito da ɗan farin tsiro ya ƙone a hanya. Irin gida tara ya tafi a banza.

Ranar Lahadin nan majami'a ta yi tsit. Malam ya rame, idonsa ja. Yau da nake tunawa na san nauyin da ke kansa, na kuma san kalma uku kawai ake bukata daga bakinsa: na yi kuskure. Da ya faɗe su da mun yi kuka tare an wuce wurin. Amma ya zaɓi ya nemo dalili a wani wuri. Tunda ni ce mai karatu a sujada, ya kira ni gaba, ya buɗe mini wurin da zan karanta. Na fara da muryata mai daɗi da nake alfahari da ita. Labarin wani mutum ne da matarsa da suka sayar da fili, suka kawo wa ikilisiya wani kashi na kuɗin suka ɓoye wani, suka ce duka ke nan, suka faɗi matattu. Ina tsakiyar karatu na gane. Na ɗaga ido na dubi matar Malam, ta sunkuyar da kai. Kuma ban tsaya ba. Wannan ne abin da har yau nake kasa haɗiyewa: ina da baki, ina da hannun da zan rufe Littafin, amma na karanta har aya ta ƙarshe, don an koya mini in an ba ni karatu in kai shi ƙarshe.

Malam ya ce, "Mun yi azumi, mun yi biyayya, Allah ya aiko ruwa sannan ya janye hannunsa. Don mi? Don akwai tulu a ƙasan wani rumbu."

Inna ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Malam, ba sai ka yi kewaye ba. Tulun nawa ne. Amma waɗancan da ɗiyata ta karanta ƙarya suka yi. Ni ban ce ma kowa na binne duka ba, da an tambaye ni da na hwaɗi."

Ya ce ta kawo tulun gobe, ta tuba a gaban jama'a, a binne abin da ke ciki kowa na gani, sai a rufe maganar.

Ta ce, "Zunubaina suna da yawa, Malam, in kana da lokaci sai in zauna in jera maka su. Amma wanga ba ya ciki. In na ce na tuba alhali zuciyata ba ta ga laihi ba, to ran nan ne zan yi ma Allah ƙarya. Irin kuma ba ni binne shi."

Nan take aka sa ta ƙarƙashin horo. Ma'anarsa, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za a karɓi baikonta, wato sadakar da take kawowa majami'a, ba, kuma ba za ta zauna cikin mata ba, sai a baya can bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma, har ranar da ta tuba. Malam ya tambayi dattawa ko sun yarda. Na dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Manoma ne tun kakanninsu, kowannensu ya san abin da ya kashe gyaɗarsa, ya tona ya gani da idonsa. Babu wanda ya ɗaga kai. Baba yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu. Fushina da su ya fi fushina da Malam. Shi bai sani ba, su sun sani. Kunyar abin da suka yi ce ta yi musu nauyi, suka ga gwauruwa marar miji marar ɗa namiji, suka sauke mata.

A hanyar gida na kasa tafiya, na durƙusa a rairayi na ce, "Inna, ni ce na hwaɗa ma matar Malam."

Ta ce, "Na sani tun ranar. Tashi, rana na dukanmu."

"Kin sani ba ki ce mini komi ba?"

"Addu'a kika roƙa mini, ai ina bukatarta."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ina isa gida na yage waƙar daga kayena na jefa a murhu. Na rantse ba zan sake taka majami'ar nan ba. Kuma ba mutane kaɗai nake fushi da su ba. Na ce wa Allah, in kana gani, me ya hana ka sauko da ruwa a ranar, ko ka buɗe bakin mutum ɗaya? Matar nan ta bar danginta dominka, ta binne ƴaƴa huɗu da miji ba ta zage ka ba, sakamakonta ke nan?

Labari ya kai Mayahi. Ƙanen Inna, kawuna, Musulmi ne mai ɗinki a kasuwa, ya hau jaki ya zo. Bai ko sha ruwa ba ya ce, "Yaya, tattara kayanki mu tahi. Waɗanda kika bar mu dominsu ga shi sun aje ki wurin takalma. Ni ko karena ba ni aje shi nan. Ɗaki na nan, ba mai ce maki ki yi salla, ki dai hita daga wulaƙancin ga."

Na ce, "Kawu ya yi gaskiya, Inna."

Ta dube mu ta ce, "Na gode, ɗan'uwana, Allah ya bar zumunci. Amma ku gaya mini, Malam ne ya mutu domina? Ko Baba? Ba don su na shiga ba, ba kuma don su zan hita ba. Sha ruwanka."

Ranar Lahadi ta tashi da sassafe ta share majami'a kamar yadda ta saba tun babana na da rai, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa tsakanin takalma, ta zauna. Na karya rantsuwata na bi ta, ba don sujada ba, don in zauna kusa da ita in harari duk wanda ya zo tuɓe takalmi. Ita kuwa gaishe su take yi, tana tambayar mai jiki da yara. In aka ɗauki waƙa ta fi kowa ɗaga murya, tana bin tata hanyar kamar kullum.

Kwana goma bayan horon ruwa na gaske ya sauka, tun hantsi har azahar. Inna ta tura hannu cikin ƙasa har gwiwar hannu, ta fito da shi da laima. Sai ta fasa bakin tulun. Mu biyu muka shuka kashi ɗaya cikin uku na gonar, sauran muka zuba gero da wake kamar yadda kowa ya yi, don irin gyaɗa ya riga ya ɓace ko a kasuwa. Da safen nan wata daga cikin matan ikilisiya ta zo a raɓe ta ce ko za a ɗan sam mata ko tafi ɗaya. Inna ta ce, "Ba yanzu ba." Matar ta tafi tana gunaguni, aka ƙara wa Inna suna, ga taurin kai ga rowa. Ni kuwa na ji sanyi a raina. Na ce ashe Inna ma ta iya ramuwa.

Tsakiyar damina fasto ya zo daga wajen Maradi a kan keke don ba da Jibi. Aka ce masa akwai mai horo, ya ce Allah ya ba ta tuba, bai tambayi ko mene ne laifin ba, yana sauri hadari na binsa. Da faranti ya zo gabana na naɗe hannuna na kau da kai. A gida Inna ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Teburin na Malam ne da za ki yi mashi yaji? Ni an hana ni, ke kin hana kanki. Kada ki sake." Na ga idonta ya cika, a nan na san abin yana cinta fiye da yadda take nunawa. Wata biyar tana ƙarƙashin horo, gurasar nan ta wuce ta tana kallo.

Kaka ta yi. Daminar gajeriya ce, amma ɗan yankin nan ya ba mu buhu biyar da ɓawonta. Manyan motoci suka iso kasuwa, masu awo suka kafa sikeli, gyaɗa na tsada. Takardar aikina ta zo, ina ta tunanin zane da takalmin da zan shiga aji da su, rufin ɗakinmu kuma yana zuba. Sai Inna ta ce ko ƙwaya ba za a sayar ba. Ranar Lahadin godiyar kaka ta aro jakuna, ta ce in taya ta ɗaura buhunan, majami'a za mu kai.

Na ce, "Waɗannan mutanen? Su za ki ba? Inna, wane irin abu ne wannan!"

Ta ce, "Da na raba ran nan, kowa tafi ɗaya zai samu, ba ta ishi kowa ba. Na bari ta haihu. Gida tara ne, ɗiyata. In ba su da iri baɗi, mazan su tahi cin rani ba su dawo ba, ɗakin majami'ar can ya zama na awaki. Ubanki ya ɗora karan rufin nan da hannunshi. Ja igiyar."

Na ja igiyar kamar wuyan wani nake shaƙewa.

Muka sauke buhunan a ƙofar majami'a. Kowa ya kawo damin gero da ƙwaryar wake an tara a gaba, babu gyaɗa ko ɗaya, idon kowa kuma yana kan buhunan. Inna ta ce daga inda take zaune ta kawo godiyarta. Malam ya dubi buhunan. Dokar da ya kafa da bakinsa ta tare shi. A hankali, ba ya kallon kowa, ya ce, "Ba a karɓar baikon mai horo."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a aji sai an ce in ɗaga murya, ranar nan har bakin rijiya an ji ni. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Wane ne cikinku bai san abin da ya kashe gyaɗarshi ba? Ku ɗaga kai ku dube ni! Baba, kai ka ce gyaɗa ba gero ba ce, da kunnena na ji, ina ka kai maganar? Kun gwada Allah don mata sun yi maku dariya a rijiya, abin ya ƙi, kuka nemi wadda ba ta da mai tsaya mata. Ni kuka ba wuƙar kuma na yanka, ni ma ina cikinku. Wata biyar tana share maku ɗaki tana zama cikin takalmanku, yau ta kawo maku abincin bakinta, ku ce ba ku karɓa?"

Inna ta ce, "Ke, zauna." Ban zauna ba. Ta ce, "Na ce ki zauna." Na zauna.

Ta juya ta ce, "Malam ya yi gaskiya, doka ce, kada a karya ta domina. To ba baiko ba ne. Iri ne, kuma shina waje, bai shiga ɗaki ba. Mai so ya zo." Ta fita ta kwance bakin buhu, ta zauna a ƙasa da tiya a hannunta.

Babu wanda ya motsa. Ana jin kukan kurciya a kan aduwa. Sai Baba ya dafa sandarsa ya tashi, ya bi ta tsakiyar mutane ya fito. Bai zo da ƙwarya ba, sai ya cire hularsa, tsoho mai furfura, ya durƙusa a gaban Inna ya tara ta. Ya ce, "Na san gaskiya ran nan na yi shiru. Na ci amanar abokina. Ki yahe mini." Inna ta ce, "Baba, hular ga ba ta ɗaukar tiya, tara rigarka." Wani ya yi dariya cikin kuka, daga nan suka fito ɗaya bayan ɗaya, maza na tara riga, mata na kwance ɗankwali. Matar da ta ce mata marowaciya ta kasa haɗa ido da ita, Inna ta ƙara mata tafi biyu.

Malam ne ya fito a ƙarshe, matarsa na bayansa. Ya tsaya gabanta ya ce a gaban kowa, "Inna, ni na kashe irin mutanen ga, ba ke ba. Na sani tun ranar da na tona gonar Baba, tsoro ya hana ni hwaɗi. Babu horo a kanki, a kaina ya kamata ya kasance." Ta cika tiya ta miƙa masa. Ya ce shi ko shuka bai iya ba. Ta ce, "Shi ya sa. In ruwa ya sauka baɗi ka zo in nuna maka. Ka tura hannu cikin ƙasa, in laima ba ta kai nan ba," ta taɓa gwiwar hannunsa, "ka koma ɗaki ka ci gaba da addu'a."

Ya sunkuya zai ɗauki tabarmarta ya mayar cikin mata. Ta ce, "Bar ta nan, Malam, na saba. Daga nan ana ganin hadari, ana kuma ganin wanda bai zo ba." A nan ta ci gaba da zama har ƙarshen ranta, a nan kuma aka kawo mata gurasa da fasto ya dawo. Ta karɓa da hannu biyu.

Na tafi aikina da tsohon zanena, rufinmu ya ƙara shekara yana zuba, kuma ba zan ce muku raina bai ɓaci ba. Har yau in na tuna mazan nan da kawunansu a sunkuye, ko na tuna muryata tana karanta ayar ƙarshe, sai in ajiye abin da ke hannuna. Amma abin da na koya ya fi ƙarfin fushin. Da ina tsammani bangaskiya ita ce wadda ke da murya, wadda ke sa wa Allah rana a gaban ƴan kallo. Waccan ta ruɓe cikin rairayi a mako uku, tare da waƙata. Wadda ta rayu ita ce ta matar da ba ta iya karatu ba, wadda ba ta yi ƙarya don a mayar da ita ciki ba, ba ta kuma yi zuciya ta fita ba, don ta san wanda ta bi tun farko, kuma ba shi ne ya ajiye ta wurin takalma ba. Daga gare ta na koyi in ɗauki fushina in je da shi sujada, in zauna da shi ko a bakin ƙofa ne, maimakon in bar sujada saboda shi. Irin nan yana gidana har yanzu, a cikin tulu da toka. Duk shekara in hadari ya haɗu raina ya fara gaggawa, nakan fita in tura hannu cikin ƙasa. In bai kai gwiwar hannu ba, sai in koma ɗaki in jira wanda ke farawa.